Nahawu, Manɗiƙi da Balaga a Ajin Amurka: Fashin Baƙi kan Makarantun Kirista Masu Bin Karatun Magabata

Da misalin ƙarfe takwas da rabi na safe, a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a ƙasar Amurka, yara 'yan aji uku na firamare sukan miƙe tsaye kusa da kujerunsu, sanye da kayan makaranta iri ɗaya, su haɗa murya suna rera kalmomi shida na harshen Latin: amo, amas, amat, amamus, amatis, amant. Ma'anarsu ita ce ina so, kana so, yana so, muna so, kuna so, suna so. Malamar ajin tana tafa hannu tana ba su kari, in sun kai ƙarshe su sake komawa farko, har sai bakin wanda ya fi kowa nauyin harshe ya kama. Kafin su shigo aji sun riga sun taru da sauran 'yan makarantar a babban ɗaki, an rera Zabura, an karanta wani yanki na Littafi Mai Tsarki, an yi addu'a. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure yana bitar ƙama, yaƙumu, ƙum, zai gane abin da ke gudana a wannan aji ko da bai san kalma ɗaya ta Latin ba, domin hanyar ɗaya ce: a sa siffofin aikatau a baki tun yaro yana ƙarami, fahimtar dalilinsu ta biyo baya.

Masu irin waɗannan makarantu suna kiransu makarantun Kirista masu bin tsarin karatun magabata, kuma magabatan da suke nufi su ne masanan Girka da na Rum na zamanin da, tare da malaman ikilisiya da suka gaji iliminsu suka riƙe shi a Turai sama da shekara dubu. A yau akwai ɗaruruwan irinsu a Amurka, mafi yawa na Furotesta, wasu na Katolika, kuma da dama daga cikinsu ba su da ginin kansu, ɗakunan coci suke ara daga Litinin zuwa Juma'a. Cikakkiyar makaranta takan ɗauki yaro tun daga rabin aji har ƙarshen sakandare, wato shekara 13. Baƙon da ya leƙa ta taga zai ga Latin da hadda da tsofaffin littattafai, ya ɗauka ya gama ganin komai. Sai dai ba za a fahimci abin da ya sa iyaye ke biyan kuɗi masu yawa ba, alhali ga makarantar gwamnati kyauta a unguwarsu, sai an koma ga tambayar da ta haifi tsarin, wato wane irin mutum ake so yaro ya zama idan ya gama karatu.

Amsar da aka saba ji a wannan zamani ita ce yaro ya ci jarrabawa, ya shiga jami'a, ya samu aikin da zai ci abinci da shi. Waɗannan makarantu ba su raina neman abinci ba, amma sun ajiye shi a matsayi na biyu. Abin da suka sa a gaba shi ne kalmar Girkanci paideia, wadda Manzo Bulus ya yi amfani da ita a wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, sura 6 aya 4, inda ya umarci iyaye maza su reni 'ya'yansu cikin horo da gargaɗin Ubangiji. A wurin Girkawa wannan kalma ta ƙunshi duk abin da al'umma ke yi don ta mayar da yaro cikakken ɗan gari: harshensa, waƙoƙinsa, jarumawan da yake so ya kwaikwaya, abin da yake jin kunyarsa da abin da yake alfahari da shi. Kalmarmu da ta fi kusa da ita ita ce tarbiyya, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin cewa mai ilimi daban, mai tarbiyya daban. Shi ya sa malamansu suke yawan komawa ga ra'ayin Agustin, bishop na garin Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, cewa nagarta ita ce mutum ya so kowane abu gwargwadon darajarsa, Allah a kan komai, sannan saura bi da bi. A ganinsu aikin malami ya wuce cusa sani a ka, ya kai ga gyara abin da zuciyar yaro ke marmari, har ya zama yana jin daɗin gaskiya, yana ƙaunar nagarta, yana kuma iya bambance abu mai kyau da na banza.

Daga wannan manufa ne suka ce amanar yaro tana wuyan iyayensa, makaranta wakiliyarsu ce kawai, suna kafa hujja da sura 6 ta Maimaitawar Shari'a, inda aka umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune cikin gida da kan hanya, da kwanciya da tashi. Wasu makarantun ba sa karɓar yaro sai aƙalla ɗaya daga cikin iyayensa Kirista ne mai zuwa sujada, wasu kuma suna buɗe ƙofa ga kowa muddin iyaye sun amince da abin da za a koyar. Akwai ma waɗanda yaro ke zuwa kwana biyu ko uku a mako, sauran kwanakin ya yi karatu a gida bisa jadawalin makaranta. Haka nan ba su yarda a ware addini ya zama darasin minti 40 da za a rufe a buɗe na gaba ba. Malamin lissafi zai ce wa ɗalibansa tsarin da suke gani a ƙidaya shaida ce ta Mahaliccin da ba ya saɓa wa kansa, malamin tarihi kuma zai karanta tashi da faɗuwar dauloli a matsayin labarin da Allah ke riƙe da linzaminsa.

A ƙarni na 19 Latin da Girkanci su ne ƙashin bayan karatun duk mai niyyar shiga jami'a a Amurka. A farkon ƙarni na 20 ra'ayin masana irin su John Dewey ya yi rinjaye, aka karkata ga koyo ta hanyar aikatawa da ga abin da zai amfani yaro a rayuwar yau da kullum, aka riƙa kallon hadda da tsofaffin harsuna a matsayin ɓata lokaci. Sannan a 1962 da 1963 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci biyu da suka hana addu'ar da hukuma ke tsarawa da karatun Littafi Mai Tsarki na ibada a makarantun gwamnati, lamarin da ya sa Kiristoci da yawa suka ji makarantar gwamnati ta daina zama tasu. Amma abin da ya ba sabon tsarin siffarsa daga Ingila ya fito. A 1947 marubuciya Dorothy Sayers, wadda aka fi sani da ƙagaggun labaran binciken laifuka, ta gabatar da lacca a Oxford kan kayan aikin koyo da ta ce sun ɓace. Kukanta shi ne ana ɗora wa yara darussa barkatai ba a koya musu yadda ake koyo, ana koya musu karatu ba a ba su garkuwar da za su kare kansu daga farfagandar jarida da rediyo ba. Laccar ta kwanta shekaru, har mujallar National Review ta sake buga ta a Amurka, wani matashin sojan ruwa mai suna Douglas Wilson ya karanta. A 1981 shi da wasu iyaye suka buɗe makarantar Logos a garin Moscow na jihar Idaho da ɗaliban da ba su kai 20 ba. Littafin da ya fitar a 1991 kan abin da suka gwada shi ne ya sa iyaye a jihohi daban-daban suka fara kwaikwayo, har aka kafa ƙungiyar makarantun bayan 'yan shekaru. Logos ba ita kaɗai ba ce a farkon tafiyar, domin kusan lokaci guda aka buɗe Cair Paravel a Topeka ta jihar Kansas da Trinity a South Bend ta jihar Indiana.

Shawarar Sayers ita ce a koma ga fannoni uku da ɗalibin Turai na tsakiyar zamanai ke farawa da su, waɗanda a Latin ake kira trivium, wato mahaɗar hanyoyi uku: nahawu, manɗiƙi da balaga. Ta kuma ɗora kowane fanni a kan wani mataki na girman yaro. Matakin farko ta kira shi na aku, lokacin da yaro ke jin daɗin maimaita abu, yana haddace waƙa da lambar mota ba tare da wahala ba, don haka a cika masa rumbu da kalmomi da shekarun tarihi da jadawalin ninkawa da ayoyi. Na biyu shi ne matakin tsiwa, wajen shekara 12 zuwa 14, lokacin da yaro ke son musu da kama manya da kuskure, kuma maimakon a danne wannan hali sai a koya masa ƙa'idojin musu na gaskiya. Na uku shi ne lokacin da matashi ya fara neman bayyana kansa, yana ganin ba wanda ya fahimce shi, sai a koya masa yadda zai faɗi gaskiya cikin kyan lafazi har ta shiga zuciyar mai sauraro. Mai jin Hausa zai lura cewa balaga ta girman jiki da balaga ta iya magana daga saiwar Larabci ɗaya suka fito, mai ma'anar isa ko kaiwa, kuma a wannan tsari su biyun a shekaru ɗaya suke haɗuwa.

A nan akwai gaskiyar da masu nazari a cikin tsarin kansa suka daɗe da amincewa da ita. Ɗora fannonin uku a kan shekarun yaro dabarar Sayers ce, ba gadon magabata ba ne, kuma ita da bakinta ta ce yarinyar da ta gina ra'ayin a kanta ita ce ita kanta tana ƙarama. A wurin mutanen da, waɗannan ukun fannoni ne na harshe, suna kuma da 'yan'uwa huɗu na lissafi, wato ilimin ƙidaya, ilimin auna siffofi, ilimin sautin kiɗa da ilimin taurari, waɗanda Boethius, wani masanin Rum, ya raɗa wa suna quadrivium a farkon ƙarni na 6. Bakwai ɗin nan su ne ake ɗauka karatun da ya dace da ɗa, mutum mai 'yanci. Yaro ɗan shekara bakwai yana tambayar dalili, ɗan shekara 17 kuma bai wuce bukatar hadda ba, saboda haka makarantun da suka riƙe matakan uku kamar doka sukan wayi gari da yaran da ke rera sunayen sarakuna ba su san abin da sarakunan suka aikata ba. A ganina gyaran da makarantu da yawa suka yi daga baya, na mayar da matakan su zama nuni ga inda za a fi ba da ƙarfi, tare da dawo da fannonin lissafi huɗu da aka yi wa riƙon sakainar kashi, shi ya fi kusa da abin da magabatan suka yi.

Wannan gado kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ɗan littafin gabatarwa ga manɗiƙin Aristotal da masanin falsafa Porphyry ya rubuta da Girkanci a ƙarni na 3, wanda Boethius ya mayar Latin ya zama matakin farko na ɗaliban Turai, shi ne ya shiga Larabci da sunan Isaguji. Shehu Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, wanda almajirai a Kano da Sakkwato da Damagaram ke karanta littafinsa na tsarki da salla da muke kira Ahalari, shi ne ya waƙe manɗiƙi a cikin Sullam, ya kuma waƙe balaga a cikin Jauharul Maknun. Ɗalibin zaure da ya bi ta Ajuruma da Alfiyya har ya kai ga waɗannan biyun, fannoni ukun nan ne ya karanta, kuma ƙa'idojin kafa hujja da ya koya su ne ake koya wa yaron Idaho.

Mai tambaya zai ce me ya haɗa makarantar Kirista da littattafan Homa da Aflatun da Sisero, mutanen da suka rayu kafin zuwan Almasihu cikin al'ummar da ke bauta wa gumaka. Gardamar tsohuwa ce, kuma a arewacin Afirka aka fi tafka ta. Wajen shekara ta 200 Tertullian, malamin Kirista mutumin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya tambaya me ya haɗa Atina da Urushalima, yana nufin babu ruwan bangaskiya da falsafa. Agustin, wanda kafin tubarsa malamin balaga ne a Kartaj da Roma da Milan, ya amsa da misalin Isra'ilawa da suka fita Masar ɗauke da zinariya da azurfar Masarawa, ya ce duk gaskiyar da aka tarar a hannun masu bautar gumaka ta Allah ce, Kirista ya karɓe ta ya yi hidima da ita, ya bar musu gumakan. Bayan Agustin waɗannan makarantu suka bi. Ɗalibi zai karanta labarin fushin jarumi Akilis na Homa daga farko har ƙarshe, sannan a ajiye shi kusa da Huɗubar Yesu a kan Dutse, a tambaye shi wane ne mai ƙarfin gaske, mai ramuwa ko mai haƙuri.

Idan muka koma ajin firamare, safiya takan tafi ne ga karatu da lissafi, lokacin da ƙwaƙwalwa ba ta gaji ba. Ana koyar da karatu ta bin sautin haruffa da ƙa'idojin haɗa su, ana kuma dagewa kan rubutun hannu mai haɗe da juna, fensir da takarda, domin kwamfuta ba ta da wuri sosai a ƙananan azuzuwa. A makarantun da ke bin tafarkin Furesbiteriyan, wani reshe na Furotesta, akwai tambaya da amsa kan bangaskiya daga Gajeren Katikisim na Westminster na 1647, mai tambayoyi 107. Malama takan ɗaga murya ta ce, "Mene ne babban dalilin halittar mutum?" Aji ya amsa baki ɗaya cewa domin ya ɗaukaka Allah, ya kuma ji daɗinsa har abada. Tarihi ana binsa ne a jere, daga zamanin da zuwa tsakiyar zamanai zuwa na yanzu, kuma makarantu da yawa suna zagaya wannan jeri fiye da sau ɗaya, ta yadda yaron da ya ji labarin yaƙin Girkawa da Farisawa kamar tatsuniya a firamare zai sake tarar da shi a sakandare cikin rubutun Herodotus, masanin tarihin Girka, kansa. Akwai wata dabara da aka aro daga malamar Ingila Charlotte Mason, wadda nake ganin ta fi yawancin jarrabawowi amfani: malama ta karanta shafi sau ɗaya tak, ta rufe littafin, ta kira yaro ya miƙe ya maimaita abin da ya ji da nasa kalmomin. Yaron da ya san ba za a sake karantawa ba yakan kasa kunne da gaske.

Latin, wanda galibi ake farawa a aji uku, shi ne abin da iyaye suka fi tambaya a kansa, tun da babu ƙasar da uwa ke yi wa ɗanta magana da shi a yau. Amsar farko ita ce kaso mai yawa na kalmomin Turanci daga gare shi suka fito, kuma shi ne tushen Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci. Amma amsar da ta fi ƙarfi tana cikin ginin jimlarsa. Malami zai rubuta a allo puella nautam videt, yarinya tana ganin matuƙin jirgi, sannan ya rubuta puellam nauta videt, kalmomin suna nan inda suke, amma yanzu matuƙin ne ke ganin yarinyar, domin harafi ɗaya ya tashi daga ƙarshen wannan kalma ya koma ƙarshen waccan. Wanda ya san bambancin Zaidun da Zaidan a i'irabi ya riga ya fahimci darasin. Yaron da ya shekara biyar ko shida yana irin wannan aiki ba ya karanta jimla da garaje, yakan tsaya ya tambayi wa ya yi, wa aka yi wa.

A ƙaramar sakandare manɗiƙi yakan shigo a matsayin darasi mai zaman kansa. Malami zai ce duk kifi yana iyo, agwagwa tana iyo, saboda haka agwagwa kifi ce. Kowa a ajin ya san ƙarya ce, amma aikin shi ne ɗalibi ya nuna daidai gaɓar da hujjar ta karye, wato cewa ba a taɓa faɗin duk mai iyo kifi ne ba. Daga nan sai a ba su tallar kaya ko jawabin ɗan siyasa su farauto irin wannan karaya. A ɓangaren rubutu kuma makarantu da yawa suna bin matakai 14 da Aphthonius, wani malamin balaga na ƙarni na 4, ya tsara, waɗanda ke farawa da sake ba da tatsuniya a taƙaice ko a faɗaɗe, su bi ta sharhin karin magana, da rushe hujja da tabbatar da ita, da yabo da zargi da kwatanci, su ƙare da kare wata doka ko sukarta.

A babbar sakandare zaman aji kansa yakan canza. Ana jera kujeru a zagaye da babban tebur, kowa da littafinsa cike da alamun fensir, malami ya jefa tambaya ya ja baya, kamar yadda Sokiratis ke yi wa mutanen Atina. Idan ɗaliba ta ce marubucin yana nufin kaza, tambayar da za ta biyo baya ita ce a wane shafi, kuma kowa zai buɗe ya duba. Ana karanta littattafai sukutum, ba guntaye ba. A lissafi wasu makarantun suna komawa ga Yuklid, wanda ya yi rubutu a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu: ɗalibi ya fita allo ba takarda a hannu, ya ja layi, ya zana da'ira biyu da suka ratsa juna, ya nuna mataki bayan mataki dalilin da ya sa dole gefuna ukun siffar da ta fito su zama tsawo ɗaya.

Rayuwar makarantar ba a aji ta tsaya ba. Ana koya wa kowa waƙar haɗin murya huɗu, ana raba ɗalibai gida-gida irin na makarantun kwana da muka gada daga Ingila, manya suna kula da ƙanana, wayar hannu kuma a yawancinsu tana cikin jaka ko ofis har a tashi. Idan yaro ya zagi ɗan'uwansa, abin da ake nema shi ne ya ambaci laifin da sunansa, ya roƙi gafara, wanda aka yi wa kuma ya furta cewa ya yafe, sannan a sanar da iyaye.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba, kuma inda gizo ke saƙar shi ne wajen malamai. Yawancin masu koyarwa a waɗannan makarantu ba su taso cikin tsarin ba, suna koyon Latin da manɗiƙi ne suna koyarwa, albashinsu kuma sau da yawa bai kai na makarantun gwamnati ba. Tattaunawa a kan tebur tana da albarka idan malamin ya daɗe da littafin, idan kuwa bai daɗe ba sai ta koma hirar da kowa ke faɗin son ransa. Sai batun kuɗi, domin dubban daloli a shekara sun fi ƙarfin iyalai da yawa, ko da yake wasu jihohi, kamar Arizona tun 2022, sun fara ba iyaye kuɗin gwamnati su kai duk makarantar da suke so, abin da ke jawo zazzafar muhawara a ƙasar. Wannan ne ma ya sa ya kamata a yi hattara da alfaharin sakamakon jarrabawa, tun da yaran da ke zuwa galibi daga gidajen da ake karanta musu littafi suka fito. Tsarin ya kai har ya samu jarrabawar shiga jami'a da ta dace da shi, CLT, wadda aka fara a 2015, jami'o'in gwamnatin jihar Florida kuma suka amince da ita a 2023. A fannin kimiyya ma bakinsu bai zo ɗaya ba: wasu suna koyar da cewa an halicci duniya cikin kwana shida na zahiri, wasu kuma suna karɓar daɗewar shekarunta kamar yadda masu bincike suka auna.

Suka mafi nauyi ita ce ta launin fata da ma'anar kalmar Yamma. Masu suka suna tuna cewa bayan hukuncin 1954 da ya hana raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙe, an buɗe makarantu masu zaman kansu da yawa a kudancin Amurka don kauce masa, suna kuma nuni da ƙasidar da Wilson ya rubuta tare da wani a 1996 wadda ta sassauta munin bauta a kudancin ƙasar, masana tarihi suka yi tir da ita. Wannan tabo ne na gaske, bai kamata a rufe shi ba. Sai dai akwai malamai baƙar fata, irin su Anika Prather, da suka tsaya kan cewa gadon nasu ne su ma. Frederick Douglass yana yaro cikin bauta a Baltimore ya samu wani littafin koyon jawabi mai ɗauke da maganganun Sisero da wasunsa, daga nan ya ɗauko harshen da ya yaƙi bauta da shi. Martin Luther King kuma, a wasiƙar da ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963, da Sokiratis da Agustin da Toma Akwinas ya kafa hujja cewa dokar zalunci ba doka ba ce. Tambayar tana ƙara kaifi idan tsarin ya ƙetaro Afirka, kamar yadda gidauniyar Rafiki ta Amurka ta kawo shi ƙasashe goma, har da Najeriya, inda take da makaranta a yankin Jos. Idan hujjar Agustin ta zinariyar Masar gaskiya ce, to ta hau kan karin maganar kakannin yaron jihar Filato da waƙoƙinsu da nahawun harshen uwarsa kamar yadda ta hau kan Homa, kuma makarantar da ta koya masa Latin ta bar shi bai iya rubuta harshensa ba ta saɓa wa ƙa'idarta.

A shekarar ƙarshe ake auna duk abin da ya gabata. Kowane ɗalibi yakan zaɓi tambaya guda da masu hankali suka saɓa a kanta, kamar ko yaƙi yana iya zama halal ga Kirista, ko ina iyakar biyayya ga hukuma, ya shafe watanni yana bincike a ƙarƙashin wani malami, ya rubuta doguwar ƙasida. Daga nan ya bi matakai biyar na balagar Rumawa, wato nemo hujja, jera ta, zaɓen lafazi, haddacewa da gabatarwa. Ranar kare ƙasida yakan tsaya a gaban iyaye da 'yan makaranta ya yi jawabi, sannan kwamitin da ya ƙunshi malamai, wani lokaci har da fasto ko lauya ko malamin jami'a daga waje, ya shiga yi masa tambayoyi. Ɗaya zai ce ayar da ya kawo ba ta nufin abin da ya ɗora mata, wani ya kawo masa hujja mafi ƙarfi ta ɓangaren da yake suka ya ce ya amsa. Ana ba da maki kan yadda ya kare matsayinsa, ana kuma lura da ko zai iya cewa wannan gaɓa ta fi ƙarfina, na karɓi gyara. Idan an gama, kwamitin ya keɓe ya yi shawara, ɗalibi na gaba kuma ya tattara takardunsa ya nufi mumbari.